Yadda Ake Neman Ɗiyar Marini da Difulom ɗin Mosko

Kai da ka dawo daga ƙasar waje da kwali mai hatimi uku, ka tarar gwamnati ta rufe ƙofar ɗaukar aiki, kuma duk unguwarku babu wanda ya iya faɗin sunan abin da ka karanto, matso kusa. Ni Maiwada, shekara ashirin da biyu na yi ina palanto a wani biro nan Maraɗi, ina kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. A can na ga yadda manya ke zama masana ba tare da sun faɗi komai ba. Matakan nan an gwada su a jikin mutum mai rai, ɗan ƙanwata Shamsu, a shekarar alif ɗari tara da casa'in da biyar. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaukar maka alkawari kafin kaka ta wuce za a ɗaura maka aure, kuma surukinka zai riƙa ambatonka a kasuwa.

Mataki na 1: Ka sauka da kayan da za su yi magana a madadinka

Shamsu ya yi shekara shida a Mosko. Ƙasar da ta ba shi gurbin karatu ta wargaje yana cikin ɗakin gwaji, bai ma ji labari ba sai da ya fito sayen burodi. Duk da haka ya daure ya ƙare. Ranar da ya sauka tashar Maraɗi, tsakiyar bazara, na tarye shi na ga ya naɗe doguwar kwat ɗinsa ta ulu da hular gashi a cikin jaka. Na ce maza ya sa su. Ya ce, "Kawu, zan mutu." Na ce ba yau ba.

Haka muka ratsa Sabon Gari a kan kabu-kabu biyu, shi a gaba kamar tunkiyar da ba a taɓa yi wa aski ba. Mata suka leƙo, masu shaguna suka miƙe. Da muka isa gida uwarsa Atika ta rungume shi tana kuka, shi kuma ya sulale ƙasa. Aka ce daɗin ganin uwa ne. Kada ka gyara irin wannan magana.

Bayan sati biyu ya kai takardunsa Yamai. A shekarar nan shugaban ƙasa da firaminista ba sa ga-maciji, duk takardar da ɗaya ya taɓa ɗayan ba ya kallonta, ma'aikata kuma yau yajin aiki, gobe zanga-zanga. Aka ce masa ya koma gida, za a neme shi. Ya dawo ya zauna. In an tambaye ka, ka ce dosiyenka, wato takardunka, yana sama. Ba wanda zai tambaye ka wane sama.

Mataki na 2: Kada ka yarda a taƙaita sunan iliminka

A nan Atika ta yi mana ɓarna. Ta ji ana cewa ɗanta ya karanta shimi, wato ilimin sinadarai a bakin 'yan lakkwal masu karatun boko, sai ta bi gida gida tana shelar haka. Mata kuwa shimi ɗaya suka sani, wadda ake sawa ƙarƙashin riga. Aka yi ta jinjina kai: shekara shida kan shimi, lallai ɗinkin Rasha ba wasa ba ne. Maƙwabciyarsu Baturiya ta aiko da yadi uku na farin atamfa, ta ce a yi mata mai leshi a wuya.

Shamsu ya shige ɗaki ya ƙi fitowa yini guda. Na bi shi na ce daga yau duk wanda ya tambaya, ya karanta masa sunan littafin bincikensa gaba ɗaya, da Faransanci, ba tare da ya ja numfashi ba. Kalma goma sha huɗu ne. Ni kaina sai daga baya na san cewa magana ce a kan yadda ruwan da aka narka sinadarai a ciki yake hana wata 'yar ƙwaya, furoton, tsallakawa daga asid zuwa jikin ƙarfe, ko ya ba ta hanya. A lokacin ban sani ba, kuma rashin sanin bai rage mini komai ba. Abin da mutum bai gane ba shi yake girmamawa.

Mataki na 3: In an ce maka Dokta, ka amsa

A kwalinsa an rubuta dokta, don haka ba ƙarya ba ce. Sai dai mutanenmu dokta ɗaya suka sani. Kafin wata guda tsofaffi sun fara zama a zauren Atika da ciwon gwiwa da jiri. Shamsu ya so ya kore su. Na ce ya saurare su kawai, ya gyaɗa kai, ya ce su yawaita shan ruwa. Wa ruwa ya taɓa kashewa a kofi?

Labari ya kai har Jiratawa. Ran wata Asabar da hantsi sai ga wata budurwa doguwa ta yi sallama, ta zauna a layi har aka zo kanta. Sunanta Tahira, ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin shan magani na Jiratawa, iyayenta kuma suna Tsibiri.

"Mi ke damunki?" in ji Shamsu, yana gyara tabarau.

"Kai ka ke damuna. Tsohuwa mai hawan jini ta bar shan ƙwayarta, ta ce lokotoron Mosko ya ce ruwa ya isa. Wace makarantar likita ka yi?"

Shamsu ya dube ni. Na dubi rufin zaure. Sai ya miƙe tsaye gaban tsofaffin nan ya ce shi ba likita ba ne, bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, kowa ya koma wurin masu aikin. Wannan ba ya cikin mataki, kuma ban ba shi shawarar haka ba. Zaure ya watse. Tahira ba ta tafi ba.

"To dokta na mi?"

Ya karanta mata kalma goma sha huɗun.

"Na ji Faransanci. Hwaɗa mini da Hausa."

Shekara shida yana tunanin abin da Rashanci, yana rubuta shi da Faransanci, bai taɓa gwada shi da harshen uwarsa ba. Ta yi dariya har ta dafa bango. Washegari shi ya hau kabu-kabu ya je Jiratawa ya nemo tsohuwar, ya roƙe ta ta koma shan maganinta. Daga nan ya riƙa samun dalilin zuwa Jiratawa sau biyu a sati. Bayan wata biyu Tahira ta ce masa ya je ya ga mahaifinta, Nomau marini, ta kuma gargaɗe shi cewa tsohon ba ya jin Faransanci kuma ba ya jin kunyar tambaya.

Mataki na 4: Ka isa gidan suruki da manyan kalmomi a shirye

Kwana uku muna bita. Na zaɓar masa kalmomi shida mafi tsawo, na ce ya jefa su tun kafin a gama gaisuwa.

Nomau bai karɓe mu a zaure ba. Aka ce mu same shi a marina, bayan gida, inda ramukan rini takwas suke jere. Tsoho ne gajere, hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, yana juya rami da doguwar muciya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na gabatar da kaina, na gabatar da ɗana, na ƙyafta wa Shamsu ido. Ya saki kalmomin nan shida a jere, kamar mai sauke buhuna.

Nomau ya ci gaba da juyi. Da ya ga an yi shiru sai ya ce, "Ka gama? To yanzu hwaɗa mini mi ka yi shekara shida. Ɗiyata za ta ci abinci a gidanka, ya kamata in san hannunka mi ya iya."

Mataki na 5: In an ƙure ka, faɗi gaskiya, amma sau ɗaya

Na ga gumi ya tsattsafo wa Shamsu a goshi. Daga baya ya gaya mini a lokacin nan ji ya yi in ya sake ɓuya bayan Faransanci, tsohon nan ba zai ƙara kallonsa ba har abada. Ya tsuguna bakin rami ya fara a hankali.

"Baba, akwai ƙarfe, tungistan, shi ne zaren nan mai haske a cikin ƙwan lantarki. Mukan sarrafa shi har ya zama gari mai narkewa, yana riƙe da ƙwayar idirojan guda. Sai mu kawo asid, wato abu mai tsami, shi ma da tasa ƙwayar idirojan. Wannan ta asid ɗin, in ta rabu da shi, ita ake ce wa furoton. Ta ƙarfen da ta asid ɗin cajinsu ya saɓa, kamar kan pil ɗin rediyo da gindinsa, don haka suna jan juna. Abin da na bincika shi ne, za ta tsallaka ta koma wurin ƙarfen, ko za ta tsaya."

"To, tana tsallakawa?"

"Ya danganta da ruwan da aka narka su a ciki. Ba ruwan sha ba, Baba, ruwan sinadari. Akwai heksan, ɗan'uwan esans ne, man mota. A cikinsa sai su matso su manne da juna su tsaya nan, don in ta tsallaka ɓangarorin biyu za su ɗauki caji, shi kuwa ruwan ba ya iya tallafar abu mai caji. Akwai diklorometan, shi yana iya kewaye caji ya kwantar da shi, a cikinsa sai ta tsallaka. Akwai na uku kuma, shi da kansa yake cafke asid ɗin ya riƙe, da ƙyar yake barinsa ya isa wurin ƙarfen."

Muciya ta tsaya.

"Ƙarhe guda?"

"Guda."

"Tsami guda?"

"Guda. Ruwan kaɗai nake sakewa. Kuma sai cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. In ya ɗan ɗumama, ƙwayoyin biyu su haɗu su fice kamar iska, aikin sati ya tafi."

"Da ido ka ke gani?"

"A'a. Na'ura ke zana layi a takarda. In layin ya gusa, na san ta matso. In wani sabo ya fito, na san ta tsallaka."

"Mi a ke yi da shi?"

Na yi tari don in tuna masa ya ce jirgin sama. Bai kula ni ba.

"Yanzu dai ba komai, Baba. Wataƙila wata rana ya taimaki masu haɗa magani."

Nomau ya ce, "Shekara shida cikin ƙanƙara, ka gano ruwa ne ke hukunci. Ni ubana ya hwaɗa mini haka ina ɗan shekara tara." Ya jingine muciya. "Taho ka gani."

Ya kai mu ga ramuka biyar na gefe. Babu kumfa a kansu, ruwan ya yi baƙi ƙirin yana warin ruɓa. Ya ce wata uku ke nan duk ramin da ya haɗa sabo mutuwa yake. Ganyen baba iri ɗaya, toka iri ɗaya, hannu iri ɗaya. Ramuka uku tsofaffi kaɗai suka rage, su ma sun gaji, masu kawo masa zane daga Katsina sun fara kai wa wasu.

"Tun da kai malamin ruwa ne, rayar mini da ramin ga. Ranar da ya yi kumhwa, ka turo manyanka."

Mataki na 6: Ka karɓi aikin da ba ka iya ba, da fara'a

A hanyar komawa Shamsu ya kusa yin kuka. Ya ce babu tungistan a ramin rini, babu alaƙa tsakanin bincikensa da baba, wannan aikin wasu ƙananan halittu ne da ke rayuwa cikin ramin suna narkar da shuni. Na ce kada ya kuskura ya maimaita wannan magana a Tsibiri.

Kullum da safe ya hau kabu-kabu ya tafi. Ya ajiye tabarau, ya naɗe hannun riga. Da ba shi da na'ura, ya jiƙa zoɓo ya riƙa ɗiga ruwan rami a ciki. Jan ya koma kore, ya san toka ba ta da laifi. Daga nan ya yi abin da kaɗai ya iya. Ya samo tukwane uku, ya zuba baba ɗaya da toka ɗaya, ya sake ruwa: na rijiyar gidan Nomau, na Gulbi, da na lambunan Jiratawa. Ya rufe ya jira. Maƙwabta suna wucewa suna cewa Dokta ya koma dafa miya.

Kwana tara, tukwane biyu suka yi kumfa. Ta rijiyar gida ta mutu.

Ran Litinin ya isa da wuri, ya zura guga da kansa, ya kai hanci. Warin asibiti ya doke shi. Jabel ne, ruwan nan da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi. Ya tsaya riƙe da igiya yana lissafin wanda ke zuwa gidan nan ran Lahadi da jaka a kafaɗa.

Mataki na 7: In ka gano mai laifi, ka fara duba ko ita za ka aura

Da azahar ya same ta a Jiratawa tana wanke hannu. Ya miƙa mata kwalbar ruwan rijiyar. Ta shinshina, ta mayar masa.

"Ni ce. Duk Lahadi."

"Kin kashe wa Baba ramuka biyar."

"Ban san zai taɓa rini ba. Amma bara amai da gudawa ya ɗauki yara biyu a layinmu, kuma gida bakwai ke sha a rijiyar nan. Na roƙi Baba, ya ce ba a zuba ma rijiyar kakansa maganin Nasara. In ka hwaɗa mishi, zai sa ma ta murhi da kwaɗo, ga damina ta taho."

"In ban faɗa ba, ramin ba zai rayu ba. Kin san sharaɗin."

"Na sani. Kai ne dokta."

Ya zo wurina da la'asar fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Na ce ai abu mai sauƙi ne, ya faɗa wa tsohon, ya karɓi matarsa, rijiya ta ji da kanta. Ya dube ni irin kallon da ɗa bai kamata ya yi wa kawunsa ba. Ya zauna ya yi tagumi, can sai ya ce jabel ba ya jure rana. In aka bar ruwa a buɗe kwana uku, ƙarfinsa tashi yake.

"To in ya tambaye ka dalili fa?" na ce.

Mataki na 8: Yanzu ne lokacin Rashanci

Washegari Shamsu ya sa aka jera tano huɗu, wato manyan gangunan ƙarfe, a tsakar marina, aka cika su da ruwan rijiya, ya ce kada a rufe, kada a taɓa sai bayan kwana uku. Nomau ya tambayi dalili.

Ban taɓa alfahari da yaron nan kamar ranar ba. Ya gyara tsayuwa ya fara da Faransanci, ya gangara Rashanci, ya zana layuka a ƙasa da tsinke, ya nuna rana, ya nuna tano. Rubu'in awa yana yi. Daga baya ya shaida mini rabin abin da ya faɗa sunayen tashoshin jirgin ƙasa na Mosko ne. Nomau yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Ikon Allah."

Aka haɗa sabon rami da ruwan tano. Shamsu ya rame a kwanakin nan, abinci ma sai Atika ta tsaya a kansa. Ran kwana na takwas babu komai. Ran na tara da hantsi muka tarar da Nomau tsugune, kumfa ta taru a kan ramin tana ƙyalli kamar jan ƙarfe. Ya tsoma ƙyallen fari ya ɗago. Ya fito kore shar, muna kallo iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Tsohon ya ɗaga shi sama ya daɗe bai sauke ba.

"Malam Maiwada," ya ce, "ku taho ran Juma'a da manyanku."

Muka yi godiya, muka miƙe. Har mun kai ƙofa ya kira Shamsu shi kaɗai. Ni dai palanto ne, kunnena ya saba da ƙofa.

"Ka ce ma ɗiyata ta rage hannu. Hurata warin lokotoro take tun wata uku."

Shamsu ya ce, "Baba, ashe kun sani?"

"Hancina bai mutu ba. Na san tana zubawa, na ƙyale ta, don in na ce na yarda gobe sai ta ce in bar cin goro. Amma ban san shi ke kashe mini rami ba, ban kuma san rana na cinye shi ba. Wannan naka ne." Ya ɗauki muciyarsa. "Ran da ka sa aka jera tano na yi ta jira in ji sunanta a bakinka. Da na ji, da ramin ya rayu, kai ko ka koma Maraɗi kai kaɗai. Tahi, rana na yi."

Sanarwar wanke hannu

An ɗaura aure bayan girbi. Shamsu ya samu 'yan awoyin koyarwa a wata makarantar kuɗi, ragowar kwanakin yana marina.

Ni Maiwada ina sanar da duk wanda ya bi matakan nan cewa abin da ya same shi nasa ne. In surukinka mahauci ne, ko mai sayar da esans a kwalba, ban gwada a kansu ba. In matarka ta fi ka wayo, ba ni na zaɓa maka ita ba. Haka kuma ba ruwana da abin da surukinka zai yi da iliminka bayan ka ba shi. Nomau yanzu yana shaida wa fataken Katsina cewa rininsa akwai furoton a ciki, shi ya sa ba ya zuba, har sun fara aiko da saƙo a kawo musu mai furoton kawai. Sau ɗaya Shamsu ya buɗe baki zai gyara maganar a gaban baƙi. Tahira ta taka masa ƙafa, ya yi sati yana ɗingishi.

Mai ƙorafi ya rubuto takarda a kwafi uku, ya kawo mini. Zan kai ta sama.